Layin Alli a Gindin Bango

"Shida," in ji Malama Adawiyya. "Saura huɗu, Inna."

Inna Mariyatu ta harari maƙwabciyar tata, gumi na bin goshinta. Tana zaune a bakin kujerar katako da aka jingina da bango, hannuwanta harɗe a ƙirji kamar yadda likita ta nuna. Ta sunkuyo gaba, ta cije leɓe, ta miƙe. Gwiwoyinta suka yi rawa, sannan suka tsaya.

"Bakwai."

"Ke malamar boko, ƙidayar taki babu tsoron Allah ciki. Takwas na."

Adawiyya ta yi dariya, amma ba ta ɗauke ido daga gwiwoyin ba. Hannuwanta na kusa da ƙugun tsohuwar, ba su taɓa ta ba, kuma wannan shi ne abin da ya fi ba ta wuya. Wata guda da ya wuce jiri ya kwashe Inna a bakin murhu, Allah ya taƙaita, goshi kawai ta fasa. Ɗanta Junaidu ya yi tafiyar saro atamfa, matarsa Hajara kuma ga laulayin ciki, don haka Adawiyya ce ta kai ta asibiti. A can likitar gashin ƙashi, wata mai suna Sadiyatu, ta sa Inna ta tsaya, ta juya, ta rufe ido, sannan ta ce ƙafafun ne suka yi sanyi, maganinsu kuwa motsi. Ta ce ta riƙa tashi daga kujera sau goma, safe da yamma. Ta kuma riƙa tafiya a kan layi, diddige na taɓa yatsa, hannu ɗaya a bango.

"Ki tsaya kusa da ita, amma kada ki ɗaga ta," likitar ta ce wa Adawiyya. "Faɗuwa ta biyu nike tsoro."

Da allin makaranta Adawiyya ta ja layin a gindin bangon da ya raba gidajensu, a nan Ƙofar Taramniya. Kullum sai ta sake bi ta kansa, har farin ya kama siminti. In lokaci ya yi, Inna kan ƙwanƙwasa bangon da buta, ita kuma ta zagayo.

Inna ta koma ta zauna, ta sake yunƙurawa. Ta ɗago rabi, ƙafa ta ƙi, ta tsaya a sunkuye tana nishi. A daidai nan aka yi sallama, Junaidu ya shigo da jakar tafiya a hannu.

"Mi nike gani haka?"

Ya yar da jakar, ya tallafo mahaifiyarsa ya zaunar, sannan ya juyo.

"Malama, uwata na nishi gabanki, kin tsaya kina kallo?"

"Sannu da hanya, Alhaji. Likita tac ce a bar ta ta tashi da kanta. Da munka hwara, sau ukku kawai take iyawa."

"Shekara saba'in da biyar! Ta yi min wahala dut rayuwatta, yanzu kuma a ce ina da rai tana tsallen kwaɗo awa ɗiyan makaranta? Mi mutane za su ce?"

"Inna," in ji Adawiyya a hankali, "ki gaya mashi da bakinki."

Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, ta juya wajen bango. Adawiyya ta san ta yi ɓaran-ɓarama. Junaidu ɗan fari ne. Tun da Inna ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta kuma taɓa duban idonsa ta yi masa magana ba. Haka ta ga uwarta ta yi. In tana da saƙo, sai ta ce wa Hajara, "Gaya ma wancan."

Shirun nan Junaidu ya ɗauka a matsayin amsa.

Kashegari ya shigo da keken guragu sabo fil, da ledarsa. Ya mayar da kujerar katakon zaure. Ya gaya wa Hajara cewa ko ruwan sha kada Inna ta miƙa hannu ta ɗauka da kanta. Maƙwabta suka yi ta sa masa albarka, ana cewa ɗa na gari ke nan.

Adawiyya ba ta haƙura ba. Ta kai masa takardar asibiti, ya karanta, ya ninke, ya mayar mata cikin ladabi. Ta kira likita Sadiyatu ta miƙa masa wayar, ya saurara har ƙarshe yana cewa "To, to, madalla," ya kashe.

"Malama, na san don Allah kike yi," ya ce. "Amma wanda ke zaune ba ya hwaɗuwa."

Bangon ya yi shiru sati biyar. Duk ranar da Adawiyya ta leƙa, sai ta ga ƙaurin Inna ya ƙara sirancewa a ƙarƙashin zane. Ran nan da Hajara ta shiga madafa, tsohuwar ta kamo hannunta.

"Ƙahwahun ga sun hwara mance ni."

"To mu yi, Inna. Shina kasuwa. Ko sau ukku."

Inna ta daɗe tana duban layin allin. Sannan ta girgiza kai.

"Gidanai na. Ba ni yi mashi ɓoye."

Ranar wata Laraba Hajara ta tafi awon ciki. Junaidu ya ƙi fita kasuwa don kada a bar tsohuwa ita kaɗai. Da yake ya san ba za ta saki jiki ba in yana tsakar gida, sai ya shimfiɗa tabarma a zaure ya zauna. Adawiyya ta dawo daga makaranta bayan azahar, ta tarar da shi a nan yana waya, ta ɗaga masa hannu, ta shige gidanta.

Tana cire takalmi ta ji ƙwanƙwasa.

Ta saba jin sautin a daidai kafaɗa. Wannan daga ƙasa yake fitowa, can gindin bango, a hankali, sai ya tsaya, sai ya dawo. Ta fita da gudu babu takalmi, ta ratsa ta gaban Junaidu ba ko sallama.

Inna na kwance a gefenta na hagu kusa da makwarara, buta a hannunta. Keken ya gangara baya har ya daki ƙofar madafa, ba a taka masa birki ba. Ruwan da ya zube daga butar ya riga ya bushe a kan siminti. Ƙafarta ta hagu ta juya waje, ta kuma fi ɗayar gajarta.

"Innalillahi! Inna!" Junaidu ya durƙusa ya kai hannu.

"Kada ka ɗaga ta!" Adawiyya ta daka masa tsawa. "Ka nemo mota da mutane. A kan abu mai faɗi za a ɗauke ta."

Ya janye hannun. Ya sunkuya kusa da fuskarta.

"Inna, ina nan zaure. Taku goma na. Mi ya hana ki kira ni?"

Inna ta rufe ido. Sai da Adawiyya ta tallafi kanta ta ɗora a cinya, sannan ta motsa baki.

"An yi kiran salla, ga buta nan kusa. Na yi gyaran murya har sau ukku, bai ji ba."

A asibiti aka ce ƙashin ƙugu ne ya karye. Aka yi aiki, aka ce ya yi kyau. Likita Sadiyatu ta zo kwana biyu bayan haka don ta fara zaunar da ita a bakin gado. Wannan karon Junaidu ya tsaya a gefe, hannuwansa a baya. Amma jikin ya riga ya saba da kwanciya. Tari ya shiga, zazzaɓi ya biyo, numfashi ya fara yi mata nauyi.

Rana ta tara a asibiti, da hantsi, Adawiyya na goge mata fuska da tsumma mai ruwa, Junaidu na zaune a ƙasa wajen ƙafafunta. Kwana biyu ke nan bai sa komai a baki ba. Inna ta buɗe ido.

"Malamar boko."

"Na'am, Inna."

"Ranar nan, takwas na."

"Takwas na, Inna. Ni naɓ ɓata ƙidaya."

Tsohuwar ta yi ɗan murmushi, ta huta, sannan ta ce, idonta a kan silin, "Gaya ma wancan shi tahi shi ci abinci."

Junaidu ya kifa kansa a kan ƙarfen gado. Kafin azahar Inna ta cika.

Bayan sadakar uku aka naɗe tabarmi, masu gaisuwa suka ragu. Da la'asar Adawiyya ta zagayo don ta ɗauki tukwanen da ta ara musu. Zauren babu kowa sai kujerar katako. Ta ɗaga labulen shiga gida, sai ta tsaya.

Hajara ta share tsakar gidan tas, amma a gindin bango farin allin na nan, dishi-dishi. Junaidu na tsaye a kansa babu takalmi, hannu ɗaya a bango, ya sunkuyar da kai. Ya ɗaga ƙafa a hankali, ya ajiye diddige a gaban yatsa.

Adawiyya ta saki labulen, ta koma zaure, ta zauna a kan kujerar tana jira ya kai ƙarshen layin.