Ranar da Inna Ta Ajiye Kanwa

Na haihu ana saura kwana biyu sojoji su miƙa mulki ga farar hula, don haka duk wadda ta shigo barka gidanmu a Ƙofar Guga sai ta tsokane ni, wai a sa wa jaririyar suna Dimokuraɗiyya. Mahaifiyata, Inna Tani, ko murmushi ba ta yi musu. Ita ba ruwanta da wanda ya hau da wanda ya sauka, wankan jegona ne kawai a gabanta.

Tun cikina yana wata biyar ta fara tara itace a bayan ɗaki, ta aika ƙauye aka ciko mata ƙwarya da kanwa. Kowa ya san dalili. Yayata Baraka ta rasu shekara takwas kafin nan, tana jegon haihuwarta ta biyu a gidan mijinta a Batsari. Inna ta ɗora wa dangin mijin laifi, ta ce ba su gasa ta da kyau ba, sanyi ya shige ta har ta kumbura. Baraka ce 'yar farinta, kuma saboda kunyar ɗan fari ban taɓa jin sunan a bakin Inna ba, tana raye ko bayan ranta. "Waccan" take cewa.

To, ni kam na gasu. Safe da yamma ruwa na tafasa, Inna na tsoma ganyen darbejiya tana fyaɗa mini, ina ihu tana cewa raki ne. Da na fito sai kwanon kunun kanwa mai zafi, ta tsaya a kaina sai ta ga gindin kwanon. Ina jin haushi, amma ina sha, don na san tsoro ne yake ɗawainiya da ita.

A mako na uku ƙafafuna suka fara nauyi, takalmi ya ƙi shiga. In na kwanta sai tari, numfashi ya riƙa yi mini wuya, sai dai in jingina da bango. Inna ta duba ƙafar, idonta ya raina fata.

"Sanyi ne," ta ce. "Haka waccan ta hwara. Wallahi ba ni bari shi kai ki."

Ta ƙara itace, ta ninka kanwa.

Ranar wata Talata da hantsi Malama Zainab ta yi sallama. Ma'aikaciyar lafiya ce, tana bin gidajen masu jego tana tuna musu rigakafin jarirai. Sun jima suna gaisawa da Inna, ya gida, ya mai jego, ya kwanan baƙuwa. Ta ɗauki jaririyar ta yaba, amma ni take kallo. Ta durƙusa ta danna ƙaurina da babban yatsa. Da ta ɗauke, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Ta ɗaura mini abin awon jini a dantse, ta duba, ta juya wajen Inna.

"Inna, mi take sha?"

"Kunun kanwa mana, ɗiyata. Sau ukku, yanzu ma na mai da shi huɗu."

Zainab ba ta ɗaga murya ba, kuma har gobe ina gode mata. Ta ce, "Inna, wanga kumburi ba sanyi ba ne, ruwa ne ya taru. Kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki, tana hau da jini. Ga zahin wanka. Zuciyar ɗiyarki Hajara ta gaji da aiki. Yau za mu tahi asibiti, ba gobe ba."

Na ɗauka Inna za ta kore ta da muciya. Sai na ga ta zauna daɓas a kan turmi.

"Waccan ma ta kumbura," ta ce a hankali. "Da aka aiko mani, ni na aika masu da kanwa. Ƙwarya guda. Na ce su ƙara mata."

Ruwan wankana na ta tafasa a kan murhu. Tausayinta ya kama ni har na manta da nawa numfashin. Zainab ta riƙe mata hannu ta ce, "Kin yi abin da kika sani, Inna, don kina son ta. Wannan kau ga ta gabanmu."

Inna ta miƙe ta janye itacen daga murhu da kanta, ta aika a kira mijina Mati ya nemo mota.

Kwana tara na yi a asibiti, kuma ita ta yi jinyata. Kullum tana kawo kunun gyaɗa ba ɗigon kanwa, ta ɗanɗana ta yamutsa fuska, ta ce wannan ai abincin marasa gata ne, sannan ta ba ni. Ta koyi danna ƙafa a wurin Zainab, har ta addabi matan gadajen kusa, sai ta bi su tana danna musu ɗaya bayan ɗaya tana tambayar me iyayensu ke ba su.

Ranar da muka yi arba'in da safe ta kwashi sauran kanwar ta zuba wa awaki a turke. Ta dawo ta zauna a gabana, ta ɗora ƙafata a cinyarta ta danna. Fatar ta taso nan take. Ta sake dannawa, ta kuma tasowa. Ta daɗe riƙe da ƙafar ba ta ɗago ba, har na ji ɗumin hawaye a kan yatsuna.

"Baraka," ta ce. "Baraka, ɗiyata, ki yahe mani."