Alkawarin Paua

Ranar da aka binne Te Poihi, sai da aka kai ruwa rana kafin a san inda za a haƙa kabarin. Danginsa na saman kogi suka ce ɗansu ne, gida za su mai da shi. Mutanen gaɓa suka ce sam, mutumin da ya yi rabin rayuwarsa yana nutso a duwatsunsu ai ya zama nasu. Haka ake yi wa mamaci mai daraja, wanda ba a yi jayayya a kan gawarsa ba shi ne abin tausayi. Daga ƙarshe yayarsa Merepaea ta sassauta, amma sai da ta sa matarsa Ngarongo ta miƙe a gaban jama'a ta ɗauki alkawari: ranar buɗe dutsen kabarinsa bayan shekara, baƙin saman kogi za su ci paua, dodon-koɗin teku mai faffaɗan ƙwanso, daga duwatsun da yake nutso, ba na kanti ba, ba na wata gaɓa ba.

Ngarongo ta ɗauka alkawari ne mai sauƙi. Ita ce uwar madafar marae, gidan taron dangi, tun kafin furfura ta fito mata, ta ciyar da taron mutuwa da na aure ba adadi, teku kuwa bai taɓa ba ta kunya ba.

Bayan 'yan watanni, wata safiya wani wari irin na gareji ya cika gari. Ɗanyen mai ne ya tsiyaye daga rijiyar mai ta tsakiyar teku, wadda wutarta ke ci can nesa tun 'ya'yansu na ƙanana. Iska ta koro shi gaɓa curi-curi, baƙi ƙirin, ya manne a yashi da duwatsu da fikafikan tsuntsaye. Kamfanin ya turo mutane da fararen riguna suna kwasa, hukuma ta kafa allo ta hana cin abin teku. Tamarau, yayan Ngarongo, wanda shi ne dattijon dangi, bai jira kowa ba. Ya kafa sanda a bakin hanyar sauka gaɓa, ya yi addu'a, ya sa rahui, wato hani na gargajiya. Daga ranar ba mai ɗaukar ko ƙwanso ɗaya daga duwatsun sai shi ya ɗage.

Da shekara ta zagayo, Ngarongo ta ɗage taron buɗe dutsen zuwa wata shekarar. Merepaea ta ce mata a waya ba komai, su mutanen tudu sun saba da jiran mutanen teku. Maganar ta yi mata ciwo, ta haɗiye.

Hukuma ta yi ta aune-aune, ta ci kamfanin tara, ta ƙara masa sharuɗɗa, sannan ta zo ta cire allonta. Sandar Tamarau kuwa tana nan daram. Ngarongo ta same shi yana gyaran shinge.

"Yaya, an cire allo fa."

"Na gani. Ai allonsu ne."

"Sun auna sun ce babu guba."

"Ngaro, su tambayarsu ita ce ko za ki ci ki mutu. Ni tawa ita ce ko duwatsun sun warke."

Ta tuna masa da alkawarin, ta tuna masa Merepaea ba ta mantuwa, ta ƙara da cewa tun suna yara kansa ya fi na jaki tauri. Ya saurara tsaf, ya nemi ta miƙo masa guduma.

Ana gobe taro, teku ya janye irin janyewar da ba ya yi sai jefi-jefi. Ngarongo ta ɗauki buhu da faffaɗan ƙarfen da mijinta ke ɓamɓaro paua da shi, ta wuce sandar ba ta ko kalle ta ba. Duk wadda ta taɓa ciyar da dangin miji ba za ta ga laifinta ba. Ta yi niyyar shiga har ƙirji, don an daɗe ba a samun na kirki sai a zurfi. Te Poihi yakan ce da ya zo yana ango, paua a ruwan idon sawu ake tsintarsu, danginsa su yi ta dariya suna cewa teku ya koya masa ƙarya. Ita kanta ta fara zaton ko ƙuruciya ce ta ƙara musu yawa a idonta da nasa.

Kwarmin farko da ta isa, ruwan ko ƙwauri bai kai mata ba, sai ta tsaya cak. Ga su nan jere, ƙwanso na gogar ƙwanso, manya kamar tafin hannun namiji, a tsakaninsu ƙanana irin farcen jariri. Ta duba na gaba, haka. Na bayansa ma haka, har iyakar ganinta. A saman dutsen tabon man yana nan, baƙi, rana ta ƙona shi, a ƙasansa kuma rai ya cika wurin maƙil. Wani babba ya ɗaga ƙwansonsa kaɗan yana jan jiki a hankali, a sarari, ba ya tsoron kowa.

Ta sa bakin ƙarfen a gefensa. Nan take ya damƙe dutsen, har ta ji ƙarfinsa a wuyan hannunta. Ta zauna a kan jiƙaƙƙen dutse, tsoro da mamaki sun cika ta, ga kunya, don sai da masifa ta zo kafin mutanen gaɓa su iya ɗauke hannu daga duwatsun. Ta daɗe a wurin har ruwa ya fara dawowa, sannan ta koma da buhunta wayam.

Washegari aka yaye mayafin dutsen kabari, aka yi kuka, aka yi waƙa. Kafin a buɗe girkin rami, Ngarongo ta miƙe ta ce akwai nama da dankali da kabewa, amma babu paua.

"To, matarmu," in ji Merepaea, tana dafe da sandarta, "mu tone ƙanenmu mu kai shi gida ke nan?"

"Yaya Mere, ku cire takalma ku biyo ni. In kin gani kika ce a tone, ni zan ɗauko shebur."

Tamarau ya ce rahui bai hana kallo ba. Aka gangara a jere, duk cikin baƙaƙen kaya, takalma a hannu, mutanen tudu na taka duwatsu kamar masu tafiya a kan ƙwai. Hayaniya ta riƙa raguwa har ba a jin komai sai ruwa. Merepaea, wadda ko wankan teku ba ta taɓa yi ba, ta tattare siket ta shiga kwarmin. Ta sunkuya ta daɗe tana kallo.

"Ashe ba ƙarya yake yi ba," ta ce. "Mun yi ta yi masa dariya."

Wani surukinta ya miƙa hannu zai ɓamɓaro ɗaya, ta make hannun da sanda. Sannan ta tambayi Tamarau yaushe zai cire tasa sandar. Ya nuna mata ƙananan, ya ce sai waɗannan sun kai girman iyayensu, kuma paua ba ya gaggawar girma. Tsohuwar ta dubi ƙananan, ta dubi hannuwanta da suka yamutse, ta gane lissafin. Ta kama hannun Ngarongo don ta fito daga ruwan, ba ta kuma sake shi ba.

"Alkawari yana nan, matarmu. In ban kai ba, ki ba jikokina."