Dokar Ƙofar Mai Kitso

"Ko a bakin kabari sai ta kafa wa mutane doka," in ji matar mai gyaran rediyo, tana gyara goyon da ke bayanta. "Ni dubiya na zo, ba neman aiki ba."

"Ai da ma haka take," wata ta amsa daga baya. "Tun muna amare take murɗa mana wuya, wa ya taɓa cewa uffan? Ta ce juya, ki juya."

"Amma dai hannunta na da kyau."

"Hannu kam ba magana. Bakin ne aka zuba mata fiye da kima."

Ina zaune a kujera bakin ƙofar ɗakin, ina jin su. Maganar Mai Kitso suke yi, maƙwabciyata, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Tana ciki a kwance. Sankarar bakin mahaifa ta ci ƙarfinta, asibiti sun sallamo ta da maganin rage zafi kawai. Tun ranar da aka dawo da ita ta ce duk macen da ta zo dubiya ba za ta taka ɗakinta ba sai ta je an yi mata gwajin wannan ciwo. Wata likita daga asibitin koyarwa ta buɗe wurin gwajin a ƙaramin asibitin unguwa, kyauta, tana bincike a kan abin da ke hana mata zuwa da wuri. Wadda aka duba ana ba ta ɗan kati mai ranar komawa. Da shi ake shiga.

Ni aka ba tsaron ƙofa don ina iya karanta katin. Sai da na yi jikoki na shiga ajin manya, shi ya sa take ce mini Ɗaliba.

"Ɗaliba!" Muryarta ta fito ta labule, a dishe amma da sauran kaifi. "Wace ce ke cika mini gida da surutu?"

"Matar mai rediyo ce."

"Da kati?"

"Babu."

"To ki ce na gode, gaisuwa ta iso ta taga. Ita da ke haihuwa duk shekara ba ta taɓa jin kunyar ungozoma ba, sai yau?"

Tsakar gida ya kaure da dariya. Matar ta ja tsaki ta fice. Washegari ta dawo ta danƙa mini kati a tafin hannu kamar mai marin yaro. "Karanta, mai gadi." Na karanta, na ɗaga mata labule.

Haka aka yi ta yi. Masu fushi suka yi fushi suka huce. Wasu suka tafi bibbiyu don kada tsoro ya dawo da su daga hanya. Mace ɗaya ce ta ƙi, kuma ita ce wadda bai kamata ta ƙi ba: Auta, ƙanwar Mai Kitso, uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ta yi jinyar tun farko, ita ke yi mata wanka, ita ke juya ta. Ranar da aka kafa dokar tana tsugune da kwanon ruwan ɗumi, yayar ta dube ta ta ce, "Har ke."

Auta ta yi dariya. "Yaya, ni da nake wanke ki?"

"Ke ce ma ta farko."

Auta ta matse tsumman, ta rataye shi a bakin kwano, ta fita. Ba ta tafi gida ba. Ta ɗauko baho ta zauna a ƙarƙashin taga, ta ci gaba da duk abin da ba ya bukatar shiga: wankin zannuwan gado, girki, tafasa ruwa. Aikin ciki ya dawo kaina, tana koya mini daga waje.

"Ki sa matashi tsakanin gwiwoyinta. Ba wannan ba, mai taushin."

"Ki gaya wa mai wankin can na ji," in ji Mai Kitso. "Asibiti dai ba a ɗauke shi daga inda yake ba."

"Ki gaya wa mai dokar ta sha maganinta."

Ban taɓa gaya wa kowa komai ba. Tagar a buɗe take.

Wata ranar da hantsi Likita ta zo da kanta, doguwar mace mai tabarau, da jaka a kafaɗa. Ta tsaya a gabana tana murmushi. "Ni ma sai na nuna kati?"

"Ki tambaye ta," aka ce daga ciki. "Masu duba mutane su ne ba sa duba kansu."

"An duba ni, Inna."

"To shigo."

Ta duba ta, ta gyara mata awon maganin, sannan ta ja kujera kusa da gado.

"Inna, kin cika mini asibiti da mata, na gode. Amma akwai matsala. Sai in tambayi mace, kin yarda a duba ki? Ta ce, Mai Kitso ce ta ce. Aikina ba ya tafiya a haka. Jikin mace nata ne. Dole ita ta ce ta yarda, da bakinta, ba don an rufe mata ƙofa ba."

"Kin taɓa wadda ta ce ba ta so?"

"A'a. Ina zaunar da kowace in yi mata bayani. Akwai waɗanda na mayar gida."

"To ke kin yi naki. Ni ƙofata ce, ba ta gwamnati ba." Ta huta, ta jawo numfashi. "'Yar nan, wata nawa kika yi a unguwar nan kina kiran taro? Mutum nawa suka zo? Ni ma an kira ni. Na ce ina da kawuna a gabana, sai an jima. Da jinin ya fara zuwa na ce tsufa ne. Da akwai wadda ta rufe mini ƙofa, da yanzu ina tsakar gida ina zaginta."

Likita ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi. "Ba zan ce kin yi ƙarya ba. Amma ƙanwarki tana waje, Inna, kuma lokacin ba shi da yawa. Kin sani."

"Na fi ki sani."

Da za ta fita ta tsaya wajen baho. Na ji tana ce wa Auta yanzu ba sai an kwantar da mace a gado ba, akwai tsinken auduga da za ta shiga ɗaki ita kaɗai ta ɗauko abin gwajin da hannunta, kuma wannan ma yana cikin abin da suke bincike a kai. Auta ta ce ta gode, ba ta ɗaga kai daga kumfa ba.

Da la'asar na fita taya Auta shanya. Muka kama zanin gado, ita can ni nan, muna matsewa. Ban tambaye ta komai ba. Sai da muka kai ga na ƙarshe ta ce, murya ƙasa ƙasa, "Ba kunya ba ce."

Na ci gaba da matse zanin.

"Ina ganin abu. Ba lokacin al'ada ba. Ya ɗan jima." Ta yarfe zanin a igiya. "In na je aka ce shi ne, da wace fuska zan shiga in dube ta? Ta tafi da ciwonta da nawa? A bari ta tafi da hankali kwance, sannan a yi mini duk abin da za a yi. Kada ki faɗa mata."

Ban faɗa ba. Amma da na shiga ba ta ruwa, Mai Kitso ta riƙe mini hannu.

"Ta gaya miki ko?"

"Ki sha ruwan."

"Ba sai kin amsa ba. Tun muna asibiti na ga tana ware zaninta tana wankewa daban. Ni ma haka na yi ta yi." Ta saki hannuna. "Don ita na kafa dokar nan, Ɗaliba. Sauran duk 'yan rakiya ne."

Daga nan jiki ya yi ta zamewa. Ta daina karɓar abinci, sai ruwa a cokali. Masu kati suna shiga su fito suna share ido. Ba ta ƙara tsokanar kowa ba, sai dai kullum da safe takan juya kai wajen taga ta saurari ƙarar ruwa a baho. In ta ji, sai ta lumshe ido.

Ranar da ta rasu, gari ya waye ba ƙarar ruwa. Na leƙa, bahon na kife, ba Auta.

"Ina take?"

"Ban gan ta ba."

"Ta yi fushi ta tafi." Ta yunƙura za ta tashi, ta kasa. "Ɗaliba, je ki nemo ta. Ki ce na janye. Ki ce ta shigo haka nan."

Ba zan iya barin ta ita kaɗai ba, sai na aika matar mai rediyo gidan Auta. Ta dawo ta ce ƙofa a kulle. Mai Kitso ta kafa wa labule ido har rana ta take.

Bayan azahar na ji takun takalmi. Auta ce, mayafi ya zame, gumi ya jiƙa mata wuya. Ta miƙo mini kati. Ban karɓa ba, na ɗaga labule kawai.

Ta shiga ta tsaya a tsakiyar ɗaki tana kallon abin da ya rage na yayarta. Ita muryar kawai take ji ta taga, ba ta ga yadda wuyan yayar ya rame ba.

"Ba don dokarki na je ba," ta ce. "Na gaji da jin ki ta bango ne."

"Me suka ce?"

"Sai sakamako ya fito. Da sauran makonni. Likita ta ce ko mene ne, za ta riƙe ni, ba za ta sake ni ba."

Makonni. Duk mu ukun mun san abin da wannan yake nufi. Mai Kitso ta daɗe tana kallon rufin ɗaki.

"Za ki koma ranar da suka ce?"

"Zan koma."

"Ɗaliba ta ji."

"Na ji," na ce.

Auta ta zauna a bakin gado. Ta zare matashin da na sa, ta juya shi, ta mayar yadda ya kamata. Ta jiƙa tsumma ta shiga goge mata leɓe a hankali. Kafin la'asar Allah ya karɓi abinsa, kanta a cinyar ƙanwarta. Amma kafin nan tana da sauran magana ɗaya, kuma ba ta yarda ta faɗe ta a raɗa ba. Ta tattara abin da ya rage mata na murya, yadda har matan da ke tsakar gida suka ji.

"Auta, na bar ki a rana kina wanke mini kaya, na hana ki fuskata. Ki yafe mini."