Yoyon Motar Baba Sikiru

"Nurudeen, bar ɗinkin nan ka zo ka haska mini!"

Ƙafafun Baba Sikiru kawai nake hangowa daga shagona, sauran jikinsa na ƙarƙashin motar. Maƙwabcina ne a Fagge, tsohon direba. Motar kuwa ta girme ni, ita ce ta kawo mahaifinsa Kano daga Ogbomosho. Ya ci alwashin a cikinta zai kai matarsa, Mama Sherifat, ganin gida kafin azumi.

Matsalar na jikin wani ƙaramin akwati da ke manne a bayan giyabos, mai ƙara wa mota gudu a babban titi. Mai yake ɗiga. Ya canza gaskit, bai daina ba. Ya zaga Sabon Gari shago-shago ya samo roba, nan ma shiru.

Na durƙusa da tocila. Ya wanke wajen da kananzir, yana barbaɗa masa hodar matarsa.

"Inda hoda ta fara jiƙewa, nan ɓarawon yake," ya ce. Numfashinsa na fita da ƙyar.

Mama Sherifat ta fito da mayafi a kafaɗa. "Alhaji, yau ne fa likita ya ce ka koma. Dubi ƙafarka yadda ta kumbura."

"Gobe."

"Jiya ma gobe ka ce."

Tun da aka ce masa ciwon zuciya ne, ya kasa zama wuri ɗaya. Ya shiga gida, ya fito, ya tayar da motar, ya kashe, ya sake leƙawa.

Bayan azahar na ji ihunsa. "Na kama shi! Daga sama yake gangarowa, ni ina ta neman ƙasa!" Wata 'yar kafar shan iska ce datti ya toshe, shi ya sa man ke neman hanya ta ko'ina. Ya zira waya ya buɗe ta, ya rarrafo waje yana dariya, fuskarsa duk baƙin mai.

"Sherifat, haɗa kaya!"

Ya jingina da taya ya ce in miƙo masa ruwa. Kafin in dawo da kofin, kansa ya langaɓe. Muka sa shi a Keke Napep, ina riƙe da kafaɗarsa, Mama Sherifat na kiran sunansa. Cunkoson Titin Ibrahim Taiwo ya tsare mu. A nan na ji jikinsa ya saki.

Aka yi jana'iza bayan la'asar. 'Ya'yansa suka so a sayar da motar, uwar ta ce a'a.

Shekaranjiya da hantsi na ɗaga kai daga keken ɗinki, na ga Mama Sherifat zaune a kujerar gaban motar, ƙofa a buɗe, ƙafafunta a ƙasa. Tire ne a cinyarta, tana tsince wake.