Tafin Ƙafar Tauno

A ƙauyenmu da ke tsakiyar Finland, rumfar rawa wata uku kacal take buɗewa a shekara. Ta katako ce, a bakin tafki. Duk Asabar ɗin bazara can nake, kuma shekara goma sha tara ke nan Tauno yana tsallako filin ya miƙo mini hannu.

Ba mijina ba ne, kada a ɗora mini abin da ban yi ba. Nawa ya rasu, matarsa ta rasu, kowa yana gidansa. Waƙa biyu muke takawa kamar yadda aka saba, ya raka ni kujerata, ya ce ya gode. Shi ke nan. Amma waƙoƙin nan biyu su nake tunawa in hunturu ya rufe mu, har ƙanƙara ta narke.

Bana Asabar uku bai zo ba. A ta huɗu na hau kekena.

Na same shi a kicin yana jan ƙafa, yana dafa gefen tebur.

"Sirkka? Wa ya mutu?"

"Kai na zata, tsohon banza. Ina ka shige?"

Sai da ya zuba kofi, ya yanka baƙin burodi, ya gama zancen ruwan sama, sannan ya faɗa. Ƙafafunsa ne. Da farko kamar tururuwa na yawo a ciki, yanzu kuwa shiru.

"Ba na jin katako, Sirkka. Wanda bai jin katako ta yaya zai juya mace? Taka ki zan yi a gaban jama'a."

A bakin taga kwalabe huɗu ne a jere, duk na ƙwayoyin ƙarin lafiya. Ya ce mai kantin magani ta gaya masa suna taimaka wa jijiya, ɗaya a rana.

"Kai kuma nawa kake sha?"

"Na auna."

Shekara arba'in Tauno yana kiwon shanun madara, kuma a wurinsa ba a ba da magani sai an san nauyin mai sha.

"Wannan ɗaya a ranar ai na 'yan birni ne, masu jikin ɗan maraƙi. Ni kilo ɗari da goma ne. Kuma saniya in ta kwanta sosai, ninkawa ake yi."

Da uku-uku ya fara daga kowace kwalba. Da ya ga rawar rufe shekara tana matsowa, sai ya mai da su biyar-biyar.

"Likita fa?"

"In je in tsare wa marasa lafiya layi? Ni ba abin da ke mini ciwo."

Haka mazanmu suke. Sai ƙafa ta cire sannan su ce kamar akwai 'yar matsala. Na kwashe kwalaben na zuba a jakata, ranar Litinin na tasa shi gaba zuwa asibiti.

Likitar yarinya ce, ba ta kai jikarsa ba. Ta jera kwalaben, ta karanta bayan kowace, ta cire tabarau.

"Baba, uku daga cikin nan duk suna da bitamin B6. Kaɗan jiki yake so. In ya yi yawa, shi da kansa yake cin jijiya. Ciwon sugarka ne ya fara ɓarnar, amma waɗannan sun taya shi."

Tauno ya dubi kwalaben.

"Wato da hannuna."

Ta ce ya bar su duka, a ɗibi jininsa, in akwai abin da ya rasa ita za ta faɗi adadin, ba shi ba.

"Jin ƙafar zai dawo?" Ni na tambaya, don shi ba zai tambaya ba.

"Wata shida, ko shekara. Wasu ya dawo musu, wasu ba duka ba." Ta dube ni. "Mama, duk mako ki sa ya rufe ido, ki taɓa ƙafar wuri-wuri, ya faɗi inda ya ji."

Ta ɗauka matarsa ce ni. Ba wanda ya gyara mata.

Ranar rufe rumfa ban je ba. Da la'asar muka zauna a matakalar gidansa. Makaɗa suna gwada kayansu a hayin tafki, iska tana kawo mana sautin guntu-guntu. Ina son rawar nan, wallahi ina sonta, har ƙafata tana motsi ita kaɗai.

"Cire safa," na ce.

"Ki tafi abinki mana. Maza sun cika wurin."

"Cire safa, malam, ka rufe ido."

Na ɗora ƙafarsa a cinyata. Tana da nauyi, tana da sanyi. Na taɓa babban yatsa. Shiru. Na taɓa tsakiyar tafin, na danna. Shiru. Na taɓa diddige. Fuskarsa a ɗage, yana jira kamar mai sauraren mota daga nesa.

Idona ya cika, na ɗaga hannu zan share.

"Nan," ya ce da sauri. "Na ji nan, Sirkka."

Hannuna yana kan fuskata, ba abin da ke taɓa ƙafarsa.

"Madalla," na ce. "Kawo ɗayar."