'Yar Dako a Ƙofar Gaba

Kun sha kallon hoton masaukin nan na kan dutse, ruwa na kwararowa ta bayansa, amma ba ku taɓa tambayar wa ke hawa da akwatunanku ba.

Mota iyakarta bakin gadar da ta karye. Daga nan matan ƙauye ke ɗaukar kayan baƙi a ka, tafiyar awa biyu cikin duwatsu. Manajan masaukin ɗan ƙauyen ne, kuma shi ya kafa dokar su riƙa sauke kaya ta ƙofar baya, kada su ɓata wa baƙi hoto.

Ran nan yana nuna wa wata baƙuwa yadda gajimare ke kwanciya a kwari, sai ga gwaggonsa da ta goya shi, ta ɓullo ta gaba da akwati a ka.

"Wace ce wannan tsohuwar?" in ji baƙuwar, tana ɗaga waya. "Ta tare min ruwan."

"'Yar dako ce," ya ce. "Ke, matsa gefe."

Gwaggo ta dube shi. Kullum "Autana" take kiransa.

"To, ranka ya daɗe," ta ce, har da rusunawa. "Hanyar bayan ce ta zabtare."

Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya miƙa hannu zai sauke ta, ta riƙe akwatin gam, ta wuce ba ta waiwayo ba.

In kun hau dutsen nan, ku nemi tsohuwar, ku durƙusa ku gaishe ta a kan idonsa.