Muryar Inna a Cikin Kwamfuta

Wata takwas kwamfutar ta yi a shagon Yaya. Lokacin da ƙanwarsa mai ɗinki ta tashi daga tsohon gidan haya, ɗakin da ta samu ko keken ɗinkinta da ƙyar ya shiga, shi ya sa ta kai wa yayanta ajiya, tunda sana'arsa ce buga takardu. Tsohuwar kwamfutar tebur ce, amma a cikinta akwai muryar Innarsu. Shekarar da Inna ta kwanta ciwon ajali, mai ɗinki ta riƙa zama gefen gado tana ɗaukar hirarta a waya: sunayen kakanni, yadda ta haɗu da Baba, har faɗan da take yi wa masu jinya. Da wayar ta cika ta juye komai a kwamfuta, daga baya wayar ta faɗa ruwa.

Ranar da ta karɓo kwamfutar, ta goge ƙura, ta jona wuta, ta zaunar da 'ya'yanta su ji kakarsu. Fanka ta juya, allo ya kawo haske, sai ga layin Turanci fari a kan baƙi, wai ba a ga na'urar da za a tashi da ita ba. Ta kashe ta kunna har sau biyar, rubutun yana nan.

Mai gyaran da ta kai wa dattijo ne, tabarau a ƙarshen hanci, ba ya gaggawa. Ya ce ta kwantar da hankali, sau da yawa ƙaramin abu ne ke jawo wannan rubutun. Ya duba ko an manta filash a jiki, babu. Ya sake kunnawa yana danna maɓalli ɗaya har shafin saiti ya buɗe, ya nuna mata jerin da kwamfuta ke bi wajen neman inda za ta tashi. Inda sunan faifan ajiya ya kamata ya fito, ba komai. Ya ce ƙila wayar da ke jone da faifan ce ta saki garin ɗauka da saukewa.

Ya kwance murfin, ya haska ciki da tocila. Sannan ya juyo mata da cikin. Wayoyi biyu na lilo, gurbin faifan wayam.

"Hajiya, faifan ba lalacewa ya yi ba," in ji shi. "Cire shi aka yi."

A shago ta tarar da Yaya yana buga wa wani takardar neman aiki. Ko musu bai yi ba. Ya ce nasa faifan ne ya mutu ana tsakiyar aiki, ya ari nata, ya goge abin da ke ciki, da niyyar sayo wani ya mayar, sai ya sha'afa. Ta tuna masa ranar da ta kawo ajiyar sau biyu ta faɗa masa abin da ke ciki. Ya ce shi bai ji ba.

"Ke ma dai, Auta," ya ce, idonsa na kan allo. "Mamaci ai addu'a yake buƙata, ba sauraron murya ba."

Ta tsaya a kansa har ya kwance faifan, yana mitar ta tsayar masa da aikin yini guda.

Kwana uku mai gyara ya yi yana lalube a faifan. Takardun mutane na wata takwas sun hau kan komai. Abin da ya tsira bai kai minti ɗaya ba: Inna tana tari, tana cewa a buɗe mata taga. Mai ɗinki ta saurara sau ɗaya a tsaye, ta ce ya isa.

Bayan sati Yaya ya aiko matarsa da sabon faifai a kwali, wai ya ninka tsohon girma. Dangi suka ce ai ya wanke laifinsa, ita ce mai riƙo, har ƙanwar Baba ta kira ta yi mata faɗa kan zumunci. Ta ce to, ta ji. In sun haɗu tana gaishe shi kamar yadda aka koya mata, ta tambayi iyali da kasuwa, ta wuce.